SHARHI: Daga Balan zuwa Dawanau, wa ke yi wa masu tawayar fahimta bayanin lafiyarsu?

A watan Janairun 2024 ne wa'adin shekara biyar da Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Naƙasa ta ɗiba wa gine-ginen jama'a ya cika. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa dokar hannu a Janairun 2019, kuma tun daga lokacin mafi yawan muhawarar da ake tafkawa a kanta ta tsaya ne kan abin da ido ke gani: gangaren da keken guragu zai bi a ƙofar asibiti, mai fassara da hannu a gefen talabijin, da kason kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Duka waɗannan haƙƙoƙi ne, kuma har yau ba a cika su ba. Sai dai a cikin dokar akwai wasu tanade-tanade biyu da ba a cika jin ɗuriyarsu ba. Na farko ya ce wanda naƙasarsa ta shafi ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin a duba lafiyarsa kyauta a duk asibitin gwamnati. Na biyu ya wajabta wa asibitocin gwamnati tanadar hanyar sadarwa ta musamman ga majinyacin da ke da matsalar magana ko ta ji.

Idan ana so a san nauyin waɗannan kalmomi, sai a fita da su daga Abuja a kai su mazaɓar Balan da ke ƙaramar hukumar Gaya, ko Toranke da Kunkurawa a Ajingi, a tambaya: wa ya san da su, kuma wa zai iya cin moriyarsu?

Mutanen da ba su da sarki

Ƙasar Hausa ba ta jira Majalisar Ɗinkin Duniya ba kafin ta tsara wa naƙasassunta shugabanci. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai Sarkin Guragu, kowanne da jama'arsa da hanyar kai kukansa fada. Ko da mutum na da ja a kan yadda bara ta shiga cikin tsarin, ba zai musa cewa tsarin ya ba waɗannan rukunoni murya ba. A zamanin nan ma su ne suka fi saurin kafa ƙungiyoyi. Waɗanda shan inna ta naƙasa a Kano, ƙarƙashin jagorancin Aminu Ahmad Tudun Wada, sun kafa masana'antar ƙera kekunan guragu, suka kuma shiga ƙauyuka suna nuna wa iyaye ƙafafunsu domin a yarda da rigakafi.

Mai tawayar fahimta ba ya cikin wannan jeri. Ba shi da sarki, ba shi da unguwa, kuma lalurarsa ita ce ainihin abin da ke hana shi tsayawa gaban hakimi ya tsara ƙorafi. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, JONAPWD, ta ware wa wannan rukuni gurbi a cikin rassanta, amma ƙungiyoyin iyayen da suka yi ƙarfi, irin su gidauniyar masu lalurar Down da Rose Mordi ta kafa, sun fi kafuwa a Legas.

Ko suna ma ba mu ba su ba. Kalmomin da ke bakin jama'a, wawa, gaula, dolo, taɓaɓɓe, duk na zagi ne ko na ba'a. Kalmar "galahanga" da kafafen yaɗa labarai suka ɗauka ana jefa ta a kan lalurori daban-daban: yau lalurar Down, gobe otizim, jibi shanyewar jiki da ake haihuwar yaro da ita. A wasu gidajen kuma yaron da wuyansa bai tsaya ba, bai zauna a kan lokaci ba, sai a ce ɗan ruwa ne, daga nan maganarsa ta bar hannun likita ta koma hannun masu hayaƙi. A wannan sharhi mun zaɓi mu ce "tawayar fahimta", ma'ana lalurar da ke farawa tun ƙuruciya, wadda ke sa mutum jinkirin koyo da wahalar tafiyar da al'amuran yau da kullum, daga mai sauƙi wanda ke noma da kiwo amma lissafin kuɗi ke ba shi wuya, har zuwa mai tsanani wanda sai an ciyar da shi an yi masa wanka.

Babbar ɓarnar rashin sunan ita ce cakuɗa lalurar da ciwon hauka. Abubuwa biyu ne mabambanta. Ciwon taɓin hankali kan zo wa mutum bayan ya girma da wayonsa, yana tashi yana lafawa, kuma magani na kwantar da shi. Tawayar fahimta ba ta da ƙwayar da ke warkar da ita. Abin da ke canza rayuwar mai ita shi ne koyarwa cikin haƙuri da kula da sauran lafiyar jikinsa. Abin mamaki, malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe majnuni da ma'atuhi, suka ba kowanne hukuncinsa a ciniki da aure da riƙon dukiya. Bambancin da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Gaya bai kai ga teburin karɓar kati na asibiti ba.

Sakamakon cakuɗawar ya fito fili a shekarar 2019, lokacin da jami'an tsaro suka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa da sasari a ƙafa. A Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa a cibiyoyin gwamnati da na addini da na gargajiya a Najeriya. A Agustan 2020 kuma 'yan sandan Kano suka kuɓutar da mutanen da danginsu suka kulle a ɗaki tsawon shekaru. Ba duka waɗannan ne masu tawayar fahimta ba, amma inda ba a tantancewa, mai shaye-shaye da mai ciwon hauka da wanda aka haifa da jinkirin fahimta duk mari ɗaya ake sa musu. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta zo da kariya daga irin wannan cin zarafi. Ita ma tana jiran ranar da za ta isa karkara.

Su nawa ne?

Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, ta ba Gaya mutum 201,016, Ajingi kuma 174,137. Binciken da ya tattara alƙaluman ƙasashe da dama ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin ɗari na da tawayar fahimta, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe matalauta. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan tsohuwar ƙidayar kawai, ana maganar mutum fiye da 3,700 a ƙananan hukumomin biyu, kafin a lissafa ƙaruwar jama'a ta kusan shekara ashirin. Mazaɓu ashirin ne a Gaya da Ajingi. Ke nan kowace mazaɓa, a mafi ƙarancin ƙiyasi, na da kusan mutum ɗari biyu.

Akwai dalilan da za su sa a yi zaton adadin ya zarce haka. Mafi yawan matan karkarar Kano a gida suke haihuwa, kuma doguwar naƙudar da ke hana jariri numfashi a mintunan farko na daga cikin manyan abubuwan da ke lalata ƙwaƙwalwa. Zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai yana barin tabo. Sanƙarau ma haka: annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, kuma yaran da suka tsira da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa a wancan lokaci yanzu sun haura shekara talatin. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa ya sha nuna cewa fiye da rabin yaran Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum ta jihar Zamfara a 2010 ta nuna abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro, kuma gwaje-gwaje sun sami dalma mai yawa a wasu nau'o'in kwallin da ake rambaɗa wa jarirai.

Sai shawarar jarirai, wadda ta cancanci a ɗan tsaya a kanta domin tana nuna ƙarfin bayani tsagwaronsa. Haɗarinta yana cikin makon farko, daidai lokacin da mai jego da jaririnta ke cikin ɗaki mai duhu ana jiran ranar suna. Idon jariri ya yi rawaya ba a lura ba, ko a lura a ce a shanya shi a hantsi. Ƙwayar kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri na iya tsananta ta ga yaran da suka gaji wani rauni a jininsu. Idan ta hau kai, sai ta bar yaro da shanyewar jiki da kurumta, wani lokaci har da tawayar fahimta. Wani binciken haɗin gwiwa da aka yi a asibitocin Kano da Zariya da Jos da wasu biranen kudu ya gano cewa jariran matan da aka yi wa bayanin shawara tun suna zuwa awo sun fi tsira daga wannan illa nesa ba kusa ba, saboda iyayen sun garzaya asibiti da wuri. Ba na'ura aka sayo ba. Magana aka yi wa uwa ta yadda ta gane.

Saƙon da ake faɗa sau ɗaya

Tsarin wayar da kai kan lafiya a jihar Kano an gina shi ne domin mutumin da zai ji magana sau ɗaya ya riƙe. Sanarwar rediyo ta minti ɗaya, allon da aka liƙa a bangon asibiti, rabinsa Turanci, jawabin da jami'a ke yi wa mata hamsin a ranar awo, da bayanin shan magani da ake yi ta tagar ɗakin magani cikin daƙiƙa goma alhali layi na jira. Mai cikakkiyar fahimta ma yakan fita ya tsaya a kemis ya sake tambaya.

Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Kano ta ɗauki kaso mafi girma na waɗanda suka kamu a faɗin ƙasar, misali ce a kusa. Alamarta ta farko ciwon maƙogwaro ne da zazzaɓi, kuma ceton rai ya dogara da saurin kai mutum asibiti. Yaron da ba ya iya cewa "wuyana ke ciwo" abin da zai yi shi ne ya ƙi abinci, ya yi ta kuka ko duka. A gida sai a ce halinsa ne ya motsa. A asibiti ma jami'in da bai samu horo ba zai iya danganta komai ga lalurar da ya gani a fuskar yaron, ya sallame shi. Likitoci sun san wannan kuskure sarai: naƙasar da ke bayyane takan rufe ciwon da ke ɓoye. Ciwon haƙori, ciwon kunne, kumburin ciki, tsakuwar ƙoda, duk sukan fito a matsayin "fitina".

Ingila, da duk ƙarfin tsarin lafiyarta, ta auna girman wannan matsala. Wani bincike da Jami'ar Bristol ta jagoranta, wanda aka fitar a 2013, ya bi diddigin mutuwar mutum 247 masu tawayar fahimta, ya gano cewa mazansu na mutuwa shekara 13 kafin sauran maza, matansu kuma shekara 20 kafin sauran mata, kuma kaso mai yawa na mace-macen ana iya kauce musu da kulawar da ta dace. Lokacin korona ma hukumomin lafiyar ƙasar sun ba da rahoton cewa mutuwar wannan rukuni ta ninka ta sauran jama'a. Tun 2016 aka wajabta wa asibitocin Ingila su tambayi majinyaci yadda yake son a yi masa bayani, su rubuta a katinsa, su kuma bi abin da aka rubuta. Daga shekara 14 kuma mai lalurar na da haƙƙin a duba lafiyarsa gaba ɗaya sau ɗaya a shekara ko da bai ce yana ciwo ba.

Kwafo wannan tsari yadda yake ba zai yi aiki a Balan ba. Ginshiƙinsa takarda ce mai gajerun jimloli da hotuna, an yi ta domin al'ummar da kusan kowa ya yi makaranta. A karkarar Gaya da Ajingi sau da yawa uwar da ke riƙe da yaron ita ma ba ta karatun boko. Abin da za a ɗauka shi ne ƙa'idar da ke ƙarƙashin takardar: magana ɗaya a lokaci ɗaya, da kalmomin gida, a nuna da hannu, a maimaita, sannan a ce wa mutum ya faɗa ko ya gwada abin da aka koya masa kafin ya tashi. Cokali na gaske, kofi na gaske, hoton fitowar rana da faɗuwarta a jikin leda maimakon "1 x 2". Lokutan salla ma agogo ne da kowa ya sani: ƙwaya ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan Isha.

Farfaɗiya ce wurin da wannan ya fi zama batun rai da mutuwa. Kimanin ɗaya cikin biyar na masu tawayar fahimta suna da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan suka samu magani yadda ya kamata, kuma tsofaffin magungunanta na daga cikin mafiya araha. Sharaɗin shi ne a sha kullum, kada a tsaya don an ga sauƙi, domin yanke shi kwatsam na iya jawo faɗuwa mai tsanani. A gidan da ake girki da murhu a tsakar gida, ake ɗiban ruwa a rijiya marar murfi, faɗuwa ɗaya ta isa. Saƙonnin da iyali ke buƙata ba su da yawa: kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko jiƙo, a kwantar da shi ta gefe, a janye shi daga wuta, kuma yawunsa ba ya yaɗa ciwon. Duk da haka da wuya mai sauraron rediyo a Kano ya ce ya ji su ana maimaitawa yadda ake maimaita tallar maganin basir.

Masu lalurar Down kuwa, kusan rabinsu ana haihuwarsu da matsalar zuciya, kuma matsalar ji da gani da ta maƙoƙo sun yi yawa a cikinsu. Yaron da ba ya ji sosai, ba a kuma gane ba, za a ƙara masa laifin rashin fahimta a kan wanda yake da shi.

Nisan hanya da nauyin uwa

Ƙwararrun da za su iya tantance waɗannan lalurori suna birni: Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asibitin Murtala, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Dawanau wanda yanzu ke hannun gwamnatin tarayya. Makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki da Gidan Torrey su ma suna birni. Daga Gaya zuwa Kano tafiyar fiye da kilomita sittin ce ta Wudil, kuma mai zuwa Dawanau sai ya ratsa birnin gaba ɗaya ya fita ta hanyar Katsina. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma ba mutum ɗaya ke tafiyar ba, domin dole a samu mai riƙe majinyaci. Mutanen Ajingi da ke bakin iyaka kan ga Dutse ta fi musu kusa, amma can wata jiha ce da nata tsarin. A irin wannan lissafi, "kyauta" da dokar tarayya ta ambata ba ta taɓa kuɗin da ya fi ci wa manomi tuwo a ƙwarya ba. Dokar ta kuma tanadi takardar shaidar naƙasa, wadda samunta wata tafiyar ce.

Abin da ke riƙe da waɗannan bayin Allah a yau shi ne gida, kuma ya kamata a faɗi alherin da ke ciki. A ƙauye kowa ya san su. Maƙwabta na ba su abinci, mai shago ya san wanda ba a karɓar kuɗinsa, mai unguwa na tsawata wa yara masu jifa. Da yawa daga masu lalura mai sauƙi suna kiwo, suna ɗiban ruwa, suna da gurbi a sahun masallaci, abin da takwarorinsu da aka tara a manyan gidajen kulawa na Turai a ƙarnin da ya wuce ba su samu ba. Ƙasashen da suka gina waɗancan gidaje sun shafe shekaru suna rufe su suna mayar da mutane cikin al'umma. Babu dalilin da zai sa Kano ta fara gina abin da wasu suka rushe.

Amma idan aka ce "gida", a aikace uwa ake nufi, ko kaka. Ita ke wanki da ciyarwa, ita ake zargi da cewa daga danginta abin ya fito, wani lokaci ita ake saki. Ba ta zuwa biki, ba ta sana'a yadda take so. Kuma tambayar da ke hana irin waɗannan iyaye barci ɗaya ce a ko'ina: in na mutu wa zai riƙe shi? Gandu, wanda a da yake haɗa 'yan'uwa a tukunya ɗaya, yana watsewa. Samari sun tafi ci-rani Kano da Abuja da Legas.

'Ya mace mai wannan lalura tana da ƙarin haɗari wanda ba a son faɗa. Ba ta san sunan abin da aka yi mata ba, in ta faɗa ba a yarda, in an je kotu shaidarta na da rauni. Sau da yawa sai ciki ya fito ake sani. Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala tana karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, amma ita ma tana birni, kuma magungunan kariya daga cuta suna aiki ne cikin kwana uku na farko. Koya wa yarinya tsaftar al'ada, da sassan jikinta da ba a taɓawa, da wanda za ta gaya wa, ilimin lafiya ne, kuma malamar Islamiyya ko ungozomar unguwa za ta iya yin sa ba tare da an keta kunya ba. Haka batun aurar da mai lalurar da fatan "zai yi hankali". Wasu masu lalura mai sauƙi suna aure su zauna lafiya da tallafin dangi. Amma aure ba magani ba ne, kuma wanda ba a yi wa bayani ya gane ba, ba a ce ya yarda ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda Najeriya ta amince da ita a Satumban 2010, ta shar'anta yardar majinyaci bisa sani, ta kuma lissafa magana mai sauƙi cikin hanyoyin sadarwar da ake bin gwamnati bashi. Kano, wadda gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara 200 a 1996 ya bar wa tabon da ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, ta fi kowa sanin tsadar yi wa mutum magani ba tare da ya fahimta ba.

Injin da ke nan, ana shirin kashe shi

Wannan ƙauracewa ta 2003 ce ta tilasta gina tsarin da ya fi kowanne shiga lungu a tarihin lafiyar Arewa. An zana taswirar kowane ƙauye da ruga. An ɗauki mata 'yan sa-kai daga cikin unguwanninsu suna bi gida-gida, suna rubuta masu ciki da jarirai, suna halartar suna. An sa masu unguwanni da dagatai da hakimai cikin aikin. Sakamakonsa shi ne yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Kano, a Sumaila ne cikin Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. A kan wannan turba ake raba maganin rigakafin zazzaɓi na damina, inda ake ba yaro kashin farko a gaban jami'i, a bar wa uwa na kwana biyu da bayani.

Matan nan sun san kowane gida da ke da yaron da bai yi magana ba yana shekara biyar, da saurayin da ake ɗaurewa a turke idan za a tafi gona. Ba a taɓa ba su gurbin rubuta shi a takardarsu ba, domin masu ba da kuɗin ba su tambaya ba. Yanzu kuma kuɗin na janyewa: tun farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙetare ta kuma rushe hukumar USAID, sauran masu ba da agaji ma suna tsuke aljihu. Idan jiha da ƙananan hukumomi ba su karɓi wannan tsari sun faɗaɗa aikinsa ba, zai watse da duk sanin da ke kansa.

Hanyar kuɗi ma akwai ta a takarda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, da nufin a samu cibiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, kuma masu naƙasa na cikin rukunin marasa galihu da hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano, KSCHMA, ke yi wa rajista a ƙarƙashinsa. Matsalar ita ce guraben ba su da yawa, kuma idan aka ce a kawo sunayen naƙasassu, ƙungiyoyin da ke da shugabanni ne ke kawo nasu. Wanda ba shi da sarki ba ya shiga jeri. Kwamitin ci gaban mazaɓa na Balan ko na Gurduba zai iya gyara wannan a zama ɗaya, idan Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha ta umarce shi ya ware kaso ya kuma nemo mutanen a gidajensu.

Horon jami'an ma ba sabon abu ba ne. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane farfaɗiya da matsalolin girman yara da kula da su ba tare da jiran ƙwararre ba, kuma an gwada shi a Najeriya, a jihar Osun. Rana ɗaya a wata a Babban Asibitin Gaya, da likita daga Dawanau ko Asibitin Malam, da maganin farfaɗiya da ba ya yankewa a cibiyoyin mazaɓu, zai rage wa ɗaruruwan iyalai tafiyar birni.

Jihar Kano ta yi tata dokar masu naƙasa tun 2018 a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, kafin ma a sa wa ta tarayya hannu. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta nuna cewa tana iya sa dokar lafiya ta shiga kowane gida idan ta so: dokar gwajin lafiya kafin aure ta 2024 ta isa kunnen limamai da waliyyai cikin ɗan lokaci, domin an bi ta masallaci da rediyo da fada. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, duk da tafiyar hawainiyar da aiwatar da shi ke yi, ya sa shugabannin Gaya da Ajingi cikin waɗanda za a yi wa tambaya kai tsaye.

Ita kuwa masarautar Gaya, wadda dokar Yulin 2024 ta maido da ita a matsayin mai daraja ta biyu a kan Gaya da Ajingi da Albasu, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Aliyu Ibrahim Abdulƙadir, tana da abin da ma'aikatar lafiya ba ta da shi. Idan hakimi ya ce kowane mai unguwa ya kawo adadin masu wannan lalura da sunan mai riƙe da kowannensu, za a kawo cikin mako biyu. Idan fada ta ce ɗaure mutum a turke abin kai ƙara ne, maƙwabta za su fara magana. Zakkar hatsi da ake fitarwa bayan kaka a waɗannan garuruwa na da masu cin ta da shari'a ta ƙayyade, kuma tsohuwar da ke riƙe da ɗa ɗan shekara talatin wanda ba ya iya ciyar da kansa tana cikinsu.